Google, DuckDuckGo ko Bing: wanne ya kamata ka ɗora a gurbin adireshin burauzarka?

Dogon gurbin nan da ke saman burauza aiki biyu yake yi. Idan ka rubuta jamb.gov.ng ka danna, kai tsaye zai wuce da kai shafin hukumar JAMB, ba sai ya tambayi kowa ba. Idan kuwa "jamb" kaɗai ka rubuta, ba adireshi ka ba shi ba, don haka sai ya ɗauki kalmar ya miƙa wa wani kamfani ya nemo maka abin da ya yi kama da ita. Gurbi ɗaya, yatsa ɗaya, amma hanya biyu ce da ba su haɗu ba. Kamfanin da ake miƙa wa kalmar kuma, mafi yawanmu ba mu muka zaɓe shi ba. Haka muka sayi wayar, haka muka tarar.

Da can ba haka abin yake ba. Waɗanda suka yi zamanin shagunan intanet za su tuna gurbi biyu ne a sama: babba na adireshi, ƙarami na bincike a gefen dama. Chrome ne ya yaɗa salon haɗe su wuri guda da ya fito a watan Satumbar 2008, sauran suka bi sahu, har Firefox da ya daɗe yana riƙe da ƙaramin gurbinsa ya sakar wa sababbin masu amfani da shi gurbi ɗaya a 2017. Tun daga nan wannan ɗan fili ya zama wuri mafi tsada a fuskar waya. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google, an bayyana cewa a shekarar 2021 kaɗai kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 don a bar shi a matsayin injin binciken da ake tararwa a wayoyi da burauzoji, kuma a 2022 Apple kaɗai ya karɓi kimanin dala biliyan 20 saboda Safari, burauzar iPhone. A watan Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci cewa Google ya yi babakere a kasuwar bincike ba bisa ƙa'ida ba. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tilasta a riƙa nuna wa mai sabuwar waya jerin injina ya zaɓa da kansa. A Kano ko Maraɗi babu mai nuna maka wannan jeri. Idan kana so, kai za ka shiga saiti ka nemo.

Tambayar ita ce ko ya cancanci a sha wannan ɗan wahala. Amsata ta bambanta daga mutum zuwa mutum, amma kafin a kai nan sai an san su waye a fagen.

Sunaye da yawa, rijiya kaɗan

Jerin da za ka gani a saiti yana ruɗi. Google, Bing, Yahoo, DuckDuckGo, Ecosia, wani lokaci Yandex ko Brave. Sai ka ɗauka kowanne da nasa rumbun. A gaskiya sun fi kama da 'yan garuwa: kura da yawa a layi, amma rijiyar da ake ɗebowa ba ta wuce uku ko huɗu ba. Google yana da nasa rumbun shafuka da ya tattara da kansa. Bing na Microsoft, wanda ya fito a 2009, yana da nasa. Yahoo kuwa ya daɗe da daina nemo nasa, sakamakon Bing yake nunawa da wata riga. DuckDuckGo, wanda Gabriel Weinberg ya kafa a 2008 a jihar Pennsylvania ta Amurka, shi ma mafi yawan sakamakonsa daga Bing yake, sai 'yan ƙare-ƙare daga wasu wurare. Startpage na ƙasar Holan ya yi suna ne wajen ɗebo maka sakamakon Google ba tare da ya faɗa wa Google wane ne ya tambaya ba. Ecosia na Jamus, wanda ke kashe ribarsa wajen dashen itatuwa, mafi yawan sakamakonsa daga manyan biyun nan yake aro. Brave ne ƙaramin da ya haƙa tasa rijiyar: ya fito a 2021, ya raba gari da Bing a 2023.

Saboda haka wanda ya bar Bing ya koma Yahoo bai je ko'ina ba. Wanda ya koma DuckDuckGo ya sauya wanda ke ganin tambayarsa, amma amsar da zai samu dangin ta Bing ce. Wannan ya rage mana aiki: ta fuskar ingancin amsa Google ne da Bing, ta fuskar sirri kuma Google da Bing ɗaki ɗaya suke, DuckDuckGo da Startpage da Brave suna ɗaya ɗakin.

Idan da Hausa kake bincike

A nan ne bambancin ya fi fitowa, kuma a nan ne masu yabon ƙananan injina a rubuce-rubucen Turawa ba su da abin faɗa mana, domin da Ingilishi suke gwaji. Da Ingilishi, tambaya kamar yadda ake gyara wata matsala a kwamfuta, kusan kowane inji zai kawo maka amsa mai kyau. Rubuta "yadda ake haɗa dambun shinkafa" ko "hukuncin wanda ya manta sujada a raka'a ta biyu" ka ga yadda suke rabuwa. A ganina Google ya yi wa sauran nisa sosai. Yana kawo shafukan BBC Hausa da Aminiya da DW da RFI da Muryar Amurka, yana kuma kutsawa ƙananan shafukan malamai da na marubuta littattafai da bidiyon YouTube, wanda dama nasa ne. Dangin Bing sukan kawo manyan kafafen, sannan daga sakamako na huɗu ko na biyar su fara zamewa zuwa wasu harsuna.

Dalilin zamewar ba wani ɓoyayye ba ne. Kalmominmu gajeru ne, kuma da yawansu suna da takwarori a wasu harsunan da suka fi mu yawan rubutu a intanet. Rubuta "gida" kaɗai, sai kamfanonin abinci na Turkiyya su iya fito maka. Rubuta "mata", ga ɗan ƙwallon Sifaniya Juan Mata. Google yana rage wannan ruɗani ne saboda ya san daga ina kake, ya san harshen wayarka, ya kuma san abin da ka nema jiya. Wato abin da ake zarginsa da shi, yawan sani a kanka, shi ne dai yake sa ya fi gane Hausarka. Injin da ya yi alkawarin ba zai san ka ba, dole ka yi masa cikakken bayani duk lokacin da ka zo: jimla mai kalma biyar ko shida, ba kalma ɗaya ba, wani lokaci har ka ƙara "Hausa" a ƙarshe.

Akwai kuma matsalar da ba ta bar kowane inji ba, ta baƙaƙe masu lanƙwasa. Wasu kafafe suna rubuta ƙasa da ɗalibi da ɓarawo yadda ya kamata, wasu suna rubuta kasa da dalibi da barawo, wasu ma a labari ɗaya za ka ga duka biyun. A Nijar ana rubuta ƴaƴa, a Najeriya 'ya'ya. Ga sunayen garuruwa: labarin da aka rubuta da Damagaram ba lallai ya fito wa mai neman Zinder ba, haka Yamai da Niamey. Duk injin da ka ɗora, idan abu ya ƙi fitowa, sake rubuta shi da ɗaya salon kafin ka yanke ƙauna. Madannan Gboard na Google suna da tsarin Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, don haka gwada duka biyun ba ya cin lokaci.

Ga wanda karatun boko bai zauna masa ba, ko dattijuwar da idonta ba ya son ƙananan baƙaƙe, akwai ƙarin dalili. A watan Oktoban 2024 Google ya sanar da shigar da Hausa cikin harsunan da ake iya yin bincike da murya da su, tare da Yarabanci da Igbo da Fijin na Najeriya da wasu harsunan Afirka. Sai dai a lura, makirufon da ke jikin Gboard yana rubuta abin da ka faɗa a kowane gurbi, ko da DuckDuckGo ka ɗora. Ba dole ne sai injin Google ba. Amma Google ɗin ne ke juya muryar zuwa rubutu, don haka mai gudun Google bai tsira ta wannan ƙofar ba.

Neman wuri kuwa, kamar asibiti mafi kusa, ko shagon gyaran waya a Farm Centre, ko hanyar da za ta fitar da kai daga Kantin Kwari zuwa tashar Unguwa Uku, ba a ma fara gasar ba. Taswirar Google ta fi cika da sunayen shaguna da lambobin waya a garuruwanmu, domin masu shagunan da kansu suke sakawa. DuckDuckGo taswirar Apple yake amfani da ita, wadda ba a nan ta yi ƙarfi ba.

Abin da ke fita daga wayarka kafin ka danna

Mutane da yawa suna zaton sai sun gama rubutu sun danna alamar nema sannan tambayar ke tafiya. Ba haka ba ne. Wannan jerin da ke saukowa ƙarƙashin gurbin yana canzawa da kowane harafi, daga ina yake zuwa? Kashi ɗaya daga wayarka ne: shafukan da ka taɓa buɗewa da waɗanda ka ajiye. Ɗaya kashin daga kamfanin binciken ne, kuma ba zai iya ba ka shawara ba sai an aika masa abin da kake rubutawa, harafi bayan harafi. Ka rubuta rabin tambaya kan wata cuta, kunya ta kama ka, ka goge. Rabin nan ya riga ya tafi.

Wannan hali ne na burauza, ba na inji ɗaya ba. Bambancin shi ne abin da kamfanin ke yi da saƙon. Idan ka shiga asusunka na Gmail a Chrome, kamar yadda kusan duk mai Android ya yi ranar da aka buɗe masa wayar a shago, binciken da ka kammala yana taruwa a asusun da sunanka. Buɗe myactivity.google.com ka gani da idonka; wanda bai taɓa leƙawa ba yakan yi shiru na ɗan lokaci. A nan kuma ake saita gogewa da kanta bayan wata 3 ko 18 ko 36, kuma asusun da aka buɗe daga tsakiyar 2020 zuwa yau yana zuwa ne a kan wata 18. Bing ma yana tara nasa a asusun Microsoft. DuckDuckGo da Startpage da Brave sun ce ba sa ajiye tarihin da za a danganta da kai. DuckDuckGo yana nuna talla, ta hannun Microsoft ma, amma bisa kalmar da ka rubuta a lokacin, ba bisa tarihinka ba. Shi ma ba waliyyi ba ne: a 2022 an gano burauzarsa tana ƙyale wasu na'urorin bibiya na Microsoft saboda yarjejeniyar da ke tsakaninsu, aka yi ta surutu, ya gyara cikin 'yan watanni.

Sai dai in faɗi gaskiya, a gidajenmu ba kamfanin da ke California ne ya fi tayar wa mutum hankali ba. Wanda zai ari wayar ne. A ce matar aure ta nemi bayani da dare kan wata lalura ta mata. Da safe ƙanin mijinta ya karɓi wayar zai duba sakamakon wasan jiya, ya taɓa gurbin, ya rubuta "ma" yana nufin Manchester. Kafin ya kai harafi na uku, layin farko da ya sauko, da ɗan hoton agogo a gefensa, shi ne "maganin" da sauran abin da ta rubuta. Bai yi bincike a wayarta ba, wayar ce ta miƙa masa. Sauya inji zuwa DuckDuckGo ba ya magance wannan gaba ɗaya, domin burauzar tana riƙe da tarihin shafukan da aka buɗe a cikin wayar. Maganinsa biyu ne. A Chrome na Android, ɗora yatsa a kan layin ka riƙe, zai tambaye ka ko a cire shi. A kwamfuta ka sauko kansa da kibiya ka danna Shift da Delete. Na biyu, tambayar da ba ka so a gani, yi ta a shafin sirri, wanda Chrome ke kira Incognito. Shi ba ya barin tarihi a wayar, kuma ba ya aika haruffa don neman shawara. Amma iyakarsa ke nan. Kamfanin layinka da shafin da ka shiga duk suna ganin zuwanka, har ma a 2024 Google ya amince zai goge ɗimbin bayanan da ya tara daga masu amfani da Incognito don a kashe wata ƙara da aka shigar a kansa a Amurka.

Mai son rufe famfon haruffan nan ba tare da ya sauya inji ba, a saitin Chrome ƙarƙashin Google services akwai maɓallin inganta shawarwarin bincike, sai ya kashe. Firefox yana da irinsa a sashen Search. Abin da za ka rasa shi ne gyaran rubutu da ƙarasa jimla, wanda ga mai neman kalmar Ingilishi da bai tabbatar da harufanta ba, ba ƙaramin rashi ba ne.

Data da sabis

Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, kowa ya koma lissafi. Shawarwarin da ke saukowa ba su ne ke cin data ba, 'yan haruffa ne. Shafin sakamakon ne ya yi nauyi. Na Google a yau cike yake da hotuna da bidiyo da taswira da akwatin tambayoyi, ga kuma taƙaitawar da ƙirƙirarriyar basira ke rubutawa a sama, wadda aka fara a 2024. Na Bing ma haka, ko ya fi. A cikin gari mai 4G ba za ka ji ba. A ƙauyen da sabis ke sauka zuwa E, za ka zauna kana kallon farin allo.

A nan DuckDuckGo yana da abin da sauran ba su da shi: lite.duckduckgo.com, shafi na rubutu zalla, ba hoto ba ado, yana buɗewa a inda sauran suka tsaya. Ko ba ka ɗora shi a matsayin babban inji ba, ya cancanci a ajiye shi a fuskar waya saboda ranar tafiya.

Opera Mini ta wata hanya ya bi. Shafin da ka nema yana fara biyawa ta kwamfutocin kamfanin, su matse shi, sannan su turo maka. Kamfanin yana cewa matsewar kan kai kashi 90 cikin 100 a tsarin da ya fi tsanani. Shi ya sa ya yi farin jini a Najeriya tun zamanin Nokia mai madannai, kuma tun da Chrome ya cire nasa tsarin rage data a 2022 ba shi da babban abokin hamayya. Amma a wannan tsari mai tsanani shafin a hannunsu ake buɗe shi kafin ya iso gare ka, kuma fom mai matakai da yawa yakan karye a hanya. Karatun labarai da bincike, madalla. Rajistar jarrabawa ko harkar banki, a koma Chrome ko Firefox.

Inda zaɓin inji ba ya ceton kowa

Akwai bincike da bai kamata a yi shi ba sam, ko da wane inji. Duk shafin da za ka saka kalmar sirri ko lambar kati ko lambar NIN, adireshinsa ake rubutawa, ba sunansa ba. Dalili shi ne layukan farko na sakamako sau da yawa talla ne, kuma talla na wanda ya biya ne. Ƴan damfara suna sayen wannan gurbi da sunan banki ko hukuma, su gina shafi mai kama da na gaske har launi. Abin ya kai hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kansa a watan Disambar 2022, har ta ba da shawarar a riƙa amfani da manhajar toshe talla. Google da Bing duk suna rubuta alamar talla a jikin irin waɗannan layuka, amma da ƙananan baƙaƙe, kuma ɗalibin da aka ce masa sakamako ya fito ba ya tsayawa karatun ƙananan baƙaƙe.

Ka duba yadda abin ke faruwa a wayar yaron da ya rubuta "check waec result". Sama talla, ƙasa shafukan da ke kwafe labari don su tara masu shiga, kowanne da babban maɓalli kore yana cewa a danna nan. Shafin gaskiya, waecdirect.org, yana nan a tsakaninsu, ba ado, ba ya ihu. Da ya rubuta adireshin tun farko, da bai ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Haka results.neco.gov.ng da portal.nysc.org.ng da nimc.gov.ng. Ka rubuta sau ɗaya daidai, ka danna alamar tauraro ka ajiye. Daga ranar, haruffa biyu ko uku sun isa burauza ta ƙarasa maka daga cikin wayarka. Ka kuma saba karanta adireshi daga dama: abin da ya zo daf kafin alamar / ta farko (ban da biyun da ke jikin https://) shi ne mai gidan. Adireshin da ya fara da sunan JAMB amma ya ƙare da wani abu daban ba gov.ng ba, ba na JAMB ba ne, komai kyan tambarin. Hoton kwaɗon da aka saba cewa a duba ma ba shaida ba ce, shafin ɓarawo ma yana iya samunsa. Chrome da kansa ya cire shi a 2023 saboda mutane suna ɗaukarsa a matsayin tabbacin gaskiya.

Burauzar ma tana da ta cewa

Ba kowace burauza ke ba ka 'yanci iri ɗaya ba. Safari a iPhone jeri ne ƙayyadadde: Google, Yahoo, Bing, DuckDuckGo, Ecosia, ba ƙari. Abin da ya yi kyau a nan shi ne daga iOS 17 ana iya ɗora inji ɗaya a shafin yau da kullum, wani daban a shafin sirri. Chrome na Android yana da nasa gajeren jeri a saiti ƙarƙashin Search engine. Injin da ba ya ciki, sau da yawa idan ka buɗe shafinsa ka yi bincike sau ɗaya sai ya bayyana a ƙasan jerin. Edge da ke zuwa da kwamfutocin Windows a kan Bing yake, ana iya sauyawa amma an cusa maɓallin can cikin saiti, kuma binciken da ka yi daga gurbin Windows na ƙasan allo zai ci gaba da tafiya Bing. Wayoyin Tecno da Infinix da itel da yawa suna zuwa da burauzar Phoenix, wanda fuskarsa ta farko labarai ne da bidiyo; idan bincike ya kawo ka ba kallo ba, Chrome yana nan a cikin wayar, sai ka jawo shi gaba.

Firefox ne ya fi sakin hannu a waya. Kana iya ƙara kowane inji da kanka, kana iya taɓa tambarin da ke gefen gurbin ka sauya inji don tambaya ɗaya kawai, yana kuma karɓar uBlock Origin mai toshe talla, abin da Chrome na Android ba ya yi. Abin dariyar shi ne mafi yawan kuɗin da Mozilla ke gudanar da Firefox da su daga Google suke fitowa, ladan barinsa a matsayin injin farko.

A kwamfuta kuwa gurbin ya wuce bincike. Ctrl da L suna kai ka cikinsa ba tare da ka taɓa linzami ba. A Chrome, rubuta @history ko @bookmarks ko @tabs ka bar fili, sai binciken ya koma cikin tarihinka ko ajiyarka ko shafukan da ke buɗe. A Firefox alamomi ne: ^ tarihi, * ajiya, % shafukan da ke buɗe. Wanda ya fi amfani ga mai yawan karatu da Hausa shi ne ƙirƙirar gajeriyar hanya ta kansa. A saitin injin bincike, ka ƙara sabo, ka ba shi laƙabi kamar "wh", ka saka masa ha.wikipedia.org/w/index.php?search=%s a matsayin adireshi. Wannan %s ɗin shi ne gurbin da tambayarka za ta zauna. Daga nan "wh Bayajidda" zai kai ka Wikipedia ta Hausa kai tsaye. Da irin wannan dabara ake samun Google marar tarkace: google.com/search?q=%s&udm=14 yana kawo jerin shafuka zalla, ba taƙaitawa ba akwatuna. Wanda kuma ya tuna ya karanta labari a wata kafa amma ya manta kanunsa, ya rubuta site:bbc.com/hausa sannan kalmomin da ya tuna. Wannan yana aiki a waya da kwamfuta, a Google da Bing da DuckDuckGo.

DuckDuckGo ya zo da irin waɗannan gajerun hanyoyi dubbai a shirye, da alamar motsin rai a gaba: !yt YouTube, !w Wikipedia, !g Google. Na ƙarshen nan shi ne ya sa zama da shi yake yiwuwa ga Bahaushe. Ka yi tambayarka, idan amsar ta zame zuwa Turkanci, ka ƙara !g a ƙarshe, sai ga ka a Google. Amma ka sani da ka isa can, a hannun Google kake kamar kowa.

To wa zai ɗauki wanne?

Mai waya ɗaya, wanda yawancin bincikensa da Hausa ne, labarai, addini, girki, farashin kaya, wuraren gari: ya bar Google inda yake. Ba don an tarar da shi a nan ba, don ya fi sauran jin Hausa da tazara mai yawa. Ya ɗauki minti biyar ya sa gogewa a wata 3, ya koyi buɗe shafin sirri, ya ajiye adiresoshin bankinsa da na hukumomin da yake hulɗa da su. Na fi ganin amfanin wannan a kan sauya inji.

Ɗan jarida, lauya, ma'aikaciyar lafiya, mai bincike kan abin da ya shafi tsaro, duk wanda tambayoyinsa za su iya zama abin magana idan aka jera su da sunansa: Firefox da DuckDuckGo, da !g a aljihu. Idan ya ga yana rubuta !g a kusan kowace tambaya har abin ya zama wasa, Startpage ya fi masa, tunda amsar dangin ta Google ce ba tare da asusu ba, ko da yake ba ya zuwa da duk kayan da aka saba gani a Google. Brave ya cancanci gwaji ga mai aiki da Ingilishi. Da Hausa rumbunsa bai yi zurfin da zan dogara da shi ba.

Bing na bar wa ma'aikacin ofis da kwamfutarsa ta zo da Edge, wanda aikinsa takardun Ingilishi ne da hotuna, yake kuma amfani da Copilot, ƙirƙirarriyar basirar Microsoft. Ba ya ba ka sirrin DuckDuckGo, ba ya ba ka Hausar Google, don haka ban ga dalilin da mai Android zai tashi takanas ya ɗora shi ba. Yahoo kuwa babu hujjar zaɓensa sam. Idan ka wayi gari ka tarar kwamfutarka ta koma Yahoo ko wani injin da ba ka taɓa jin sunansa ba, alhali ba kai ka sauya ba, to wata manhaja ce da aka saukar ta shigo da ɗan rakiya. Mayar da saitin kaɗai ba zai isa ba, gobe zai dawo. Sai ka shiga jerin ƙare-ƙaren burauzar, a Chrome ka rubuta chrome://extensions a gurbin adireshi, ka cire duk wanda ba ka san ranar da ka saka shi ba.